Zuwa ga Edita: a taɓa aks da hannu kafin a sayi sabon moter ɗin waifa

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka shi daɗe, ina wuni, ina gajiya, ya aiki ya haƙuri da mu masu karatu. Daga Tawa nike rubuto wagga wasiƙa, kuma tun farko in nemi ahuwa don ni ba ɗan boko ne can can ba, direba ne, shekara ashirin da ɗoriya ina bisa hanyar Tawa, Konni, Doso har Yamai, yanzu gwiwa ta ƙi shi ya sa na koma zaman garaji wurin wani aminina mai gyaran wutar mota, ina shan shayi ina kallo ina sa baki inda ba a tambaye ni ba. Zancen da zan yi na abin share gilashin mota ne, wanda mu nan muke ce ma esuwi-gilas, ƴan'uwanmu na ƙetaren Konni su ce waifa, to ni waifa zan riƙa cewa don ta fi sauƙin bugawa a waya.

Abin da ya sa na ɗauki waya shi ne, kowace shekara in ruwan fari ya sauka, washegari sai ka ga garajinmu ya cika kamar ana rabon sadaka, Hiace ne, Corolla ce, Hilux ta ƴan ƙauye ce, kowa da magana guda a bakinshi, wai moter ɗin waifa ya mutu a sa mishi wani. Wani ma da moter ɗin yake zowa cikin leda ya riga ya saye, bai tambayi kowa ba. Kuma wallahi cikin waɗanda nike gani da idona mafi yawansu moter ɗinsu lafiyarshi lau, ko kuma in ya ƙone to ba shi ya fara laifi ba, wani abu ne ya shaƙe shi har ya ƙone, in ka sa sabo ba ka cire wancan abun ba shi ma sabon hanyar ɗan'uwanshi za shi bi. Ni kaina na biya kuɗin wanga karatu, shi ya sa ba ni jin kunyar faɗi.

Wata shekara cikin watan bakwai ran kasuwar Badagishiri na taso da Hiace cike da mutane da buhuna, mun baro garin kenan magariba na kawo kai, hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta fara turo jar ƙasa, sai ruwa. Na murɗa komodo, wato makunnin waifa da ke gefen sitiyari, waifa ta ɗaga kamar tsohuwa mai ciwon baya, ta je ta dawo sau uku da ƙyar, na huɗu ta tsaya cak a tsakiyar gilashi daidai saitin idona. Kuma fa gaskiyar Allah ba ranar ta fara ba, tun damanar bara nike ganin tana jan ƙafa ina cewa ai tana dai yi, gobe na duba, goben da ba ta zo ba. Ruwan fari bisa gilashin da ya sha ƙura kowa ya san taɓo ne yake zama, fitilar manyan motoci in ta haske ka ba ka ganin komi sai ja. Karen motata ya ce mu ɗaura igiya ga hannuwan waifa mu riƙa ja ta taga, shi daga dama ni daga hagu, munka ɗaura munka ja, ko gezau. Wata Hajiya daga baya tana ta salati tana cewa direba ka ji tsoron Allah ka tsaya, wani dattijo mai buhun albasa ya ce a tsaga albasa a goga ma gilashin ruwa zai riƙa zamewa, munka goga, abin ya ɗan yi kamar ya yi sannan ya koma dishi-dishi. Ƙarshenta gefen hanya munka samu munka faka sama da awa biyu, da ruwa ya tsagaita na fiddo kai ta taga ina tuƙi kamar mai korar jaki, yaron nan da tsumma a hannu duk ɗan tafiya kaɗan shi sauka shi goge. Tafiyar da ba ta kai awa guda ba sai tsakar dare munka shiga Tawa, kuma ba gwanintata ba ce ta kawo mu, Allah ne ya tsare.

Da safe na kai ta wurin wani yaro da ba zan faɗi sunanshi ba, bai ko buɗe komi ba ya ce Baba moter ne. Na sayi okaziyo, wato wanda anka riga anka yi aiki da shi, jika goma sha biyar ya ɗaura, fizibil, ɗan abin nan mai ƙonewa shi yanke wuta in ta yi yawa, ya ƙone, ya sa wani ya ƙone, sai ya murɗa waya ya cusa a ramin fizibil ya ce yanzu ta zauna. Ta yi kwana tara. Ran na goma na ji warin roba na ƙuna daga ƙarƙashin kapo, wato murfin gaban mota, moter na biyu ya tafi. Sannan ne anka nuna min wanga aminin nawa, dattijo ne ya girme ni, ya saurari labarin bai ce uffan ba, ya ɓalle sandar da ta haɗa moter da sauran ƙarafa, ya ce Malam kama nan ka juya min. Na kama aks na gefen direba, wato ƙarfen da ake ɗaura ma hannun waifa, da hannu biyu na kasa motsa shi, ni ƙato da ƙarfina. Ya ce to kai ka kasa, ƙaramin moter da bai kai gwangwanin madara biyu ba shi kake so shi iya? Tun ranan na daina raina wanga abu.

Bari in faɗi yadda abin yake a ciki don wanda bai taɓa leƙawa ba. Ƙarƙashin baƙar robar nan da ke tsakanin gilashi da kapo akwai ƙaramin moter mai aiki da bolt 12, a bakinshi akwai ƙarfe mai murɗe kamar bis, shi ke tura wani pinyo mai haƙora wanda galibi na roba mai tauri ne. Pinyon na juya ɗan guntun hannu, guntun hannun na tura sandunan ƙarfe da makanikai ke ce ma tirangil, su kuma suna kai aks biyu gaba da baya. Aks ɗin nan su ne ƙarafan da sunka leƙo waje ta ƙasan gilashi, su ne ake ɗaura ma hannuwan waifa da ekuru, wato noti. Kowane aks cikin bututu yake zaune da ɗan giris da anka sa mishi tun daga masana'anta, da ɗan zoben roba a sama mai hana ruwa shiga. To wancan ƙarfe mai murɗe shi ke iya juya pinyo amma pinyo ba shi iya juya shi, shi ya sa igiyarmu ta ranan ko aks bai cije ba babu inda za ta kai mu sai in an ɓalle tirangil daga moter. Kuma shi ya sa in waifa ta tsaya ka kama hannunta ka fizga da ƙarfi, ko ka lanƙwasa sanda, ko ka cinye ƴan haƙoran da ke bakin aks, ka ƙara ma kanka aiki.

Me ya sa a ƙasarmu abin ya fi cijewa? Ku lissafa da ni. Ruwan kirki a Adar daga watan shida ne zuwa na tara, sauran wata takwas waifa na kwance ba mai taɓa ta. Cikin wata takwas ɗin nan hunturu ya zo da ƙurarshi mai laushi kamar garin tuwo tana shiga ko'ina, bazara ta zo da zafin da ke wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarfen da ke shan rana tun safe, zoben roba ya bushe ya tsage, giris ya narke ya tsiyaye, abin da ya rage ya haɗu da ƙura ya zama kamar busasshen ƙullu. Sai masu wankin mota su feshe wurin da ruwa, ruwa ya bi tsagar ya shiga ya kwanta, tsatsa ta fara aikinta shiru. Wasu motocin bututun na alminiyam ne aks na ƙarfe, in ruwa ya shiga tsakaninsu wani farin gari yake fitowa kamar kanwa shi matse aks ɗin gam. Ƙari kuma motocinmu kusan duka okaziyo ne daga Turai, can in sanyi ya yi gishiri suke watsawa bisa hanya don ƙanƙara ta narke, mota ta shekara goma sha tana shan ruwan gishiri kafin ta hau jirgi ta sauka Kwatano ko Lome ta iso mu. Da ciwonta take zowa, mu dai ƙarasa ta muke yi.

Yanzu in taka ta tsaya, kafin kile kafin komi kunne za ka fara sa wa. Kashe rediyo, ka sa kontak ba tare da ka tada mota ba, ka murɗa komodo ka saurara. In ka ji moter na juyawa sumul amma hannuwa ba su motsi, to ka gode Allah, ko rotil ɗin tirangil, wato gaɓar da ke haɗa sandunan, shi ne ya fita daga mazauninshi don robar cikinshi ta cinye, ko haƙoran pinyo sun zube. In hannu guda na yi guda na kwance, sau da yawa ekuru ne kawai ya saki, ka ɗaga ƴar hular roba da ke gindin hannun ka gani, kile 13 ko 14 ne a yawancin motocinmu. In ka ji ɗan gurnani ƙasa-ƙasa kamar shina son tashi an danne shi, maza kashe, wanga shi ne cijewa, duk daƙiƙar da ka bar shi a haka wayoyin cikinshi dahuwa suke yi. In kuwa shiru ne tsit kamar maƙabarta sai ka bi wuta, fizibil tukuna, sannan rele, ɗan makunnin da ke sakar ma moter wuta, in motar na da shi, sannan fishin da ke shiga moter, a sa ƴar fitilar gwaji a ga wuta na isowa ko ba ta isowa. Wuta na isowa, mas wato hanyar da wuta ke komawa ta jikin mota na da kyau, moter bai motsa ba, ka ɗan ƙwanƙwasa bayanshi da ƙotar turnabis, in ya zabura ya tashi to sharbon ne, ƴan gawayin da ke kai wuta cikin moter, sunka cinye ko sunka maƙale a gidansu.

Amma wanda ya fi cin mutane shi ne mai jan ƙafa, don tana yi ɗin nan sai ka ce lafiya. Waifa mai lafiya bisa jiƙaƙƙen gilashi a ƙaramin gudu tana zuwa ta dawo kamar sau 40 zuwa 50 cikin minti guda, babban gudu ya haura 60, kowa na da agogo a waya, ka zuba ruwa ka ƙirga. Na ce ka zuba ruwa fa, kada ka gwada bisa busasshen gilashi, ko sabuwar mota jan ƙafa za ta yi kuma yashi shi zane maka gilashi. In ka ga ta gaza sai ka ɗaga hannuwan biyu sama su bar gilashi ka sake kunnawa, wasu motocin sai ka lura kada hannu shi bugi bakin kapo. In nan take ta sake ta yi gudu, ka fara zargin robar waifa da dattin gilashi ko raunin wuta. In ko a sama ma tana nishi, to ciwon na ƙasa. Nan ne ake yin abin da dattijon nan ya yi min, wanda shi ne dukkan sirrin, a raba moter da tirangil a tambayi kowa shi kaɗai. Moter shi kaɗai in ya juya da ƙarfi ba gargada ba ruwanshi. Tirangil shi kaɗai, yatsa biyu ya kamata su kai shi su dawo da shi, in sai ka sa ƙarfin damtse ka kama ɓarawonka. Aikin minti ashirin ne, ban san dalilin da ya sa yaran yanzu ke ƙyuyar yin shi ba, ko don cinikin moter ya fi kawo na shayi ne, oho, Allah dai shi shirye mu baki ɗaya.

Gyaran aks ɗin kuwa ba wani asiri ba ne, haƙuri kawai yake so. Da farko ka kashe komodo ka bari waifa ta koma makwancinta in tana iyawa, ka manna ɗan salatif bisa gilashi daidai inda kowace roba ta kwanta don ka gane wurin daga baya, sannan ka zare kile daga kontak ka sa aljihu, gara ma ka cire kan batir. Wanga ba wasa ba ne, tirangil in ya tashi da yatsanka a ciki kamar almakashi yake, na ga yaron da ya rasa farce da naman bakin yatsa don abokinshi ya murɗa kontak shina son jin rediyo. Ka kwance ekuru, ka riƙa girgiza hannun a hankali daga gindi har shi saki don bakin aks ɗin tsukakke ne shina kamawa, ka cire baƙar robar, za ka ga dukkan kayan na riƙe da bulon uku ko huɗu galibi na kile 10, ka zare fishi ka fiddo shi gaba ɗaya ka aza bisa tabarma. A saman kowane aks akwai ɗan zoben ƙarfe mai riƙe shi da wasu ƴan faya-fayai da zoben roba, ka fidda su ka jera bi da bi yadda sunka fito, ko ka ɗauki hoto da waya, kuma ka tare da tafin hannu don zoben ƙarfen nan in ya yi tsalle cikin yashin garaji sai dai wani ba shi ba. Sannan ka jiƙa aks da WD-40, in babu gazuwal ma na yi, ka ba shi lokaci, ka je ka yi sallah ka ci abinci ka dawo, mai taurin kai har kwana yake yi. Ka riƙa murɗa shi dama da hagu kaɗan kaɗan kana ƙara mai, za ka ga jan ruwa na fitowa. In sai an buga, ka maida ekuru bisa bakin zaren ka aza katako ka buga a hankali, wanda ya sa guduma kai tsaye bisa zare ya baje shi, gobe ekuru ba shi shiga, ya tashi daga gyara ya koma saye. In ya fito ka goge tsatsar da takardar gugar ƙarfe mai laushi har shi yi sheƙi, ka naɗe tsumma ga sanda ka share cikin bututun, ka cika da giris mai kauri wanda ruwa ba shi wankewa, ka sa sabon zoben roba in ka samu. Rotil-rotil ɗin su ma kowane ka ɗan sa mishi.

Kuma don Allah a bar zuba baƙin man bidanji daga sama ana cewa an yi gyara, sati guda ne ya tsiyaye ya bar ƙura manne. WD-40 ɗin ma na kwance tsatsa ne, ba shi zama madadin giris. Man birki kuwa da wasu ke ɗiga wa, shina cin fentin mota shina lalata irin wagga roba, ban san wa ya fara koya ma mutane shi ba.

In aks lafiya lau ne moter ne ke nishi shi kaɗai, shi ma kada a yi saurin yi mishi sallar gawa. A buɗe murfin gidan pinyo, sau tari giris ɗin ciki za a iske ya daskare kamar sabulun salo, a kwashe a wanke a sa sabo, a kula kada a shafe ƴan ƙarafan jan ƙarfe da ke jikin murfin, su ne ke sa waifa ta koma makwancinta in ka kashe, in ka ga taka na tsayawa duk inda ka kashe ta ko ta ƙi tsayawa sam, to nan ne. Cikin moter ɗin kanshi sharbon uku ne, guda na kowa da kowa, guda na ƙaramin gudu, guda na babba, shi ya sa za ka ga wata motar babban gudu na yi ƙarami ba shi yi, mutum shi ce aljanu, alhali sharbon guda ne ya ƙare ko komodo ne ya ci wuta. Sai mas, wanda shi ne maraya, ba mai tuna shi. Wuta in ta shiga moter sai ta samu hanyar komawa ta jikin mota, in wurin da anka ɗaure wayar mas ya yi tsatsa wutar na komawa da ƙyar, moter shi yi ta jan ƙafa. Gwajin sauƙi gare shi, ka ɗauko waya mai kauri ka taɓa jikin moter ka kai ɗaya bakin ga kan batir na mas, in waifa ta zabura ka san inda za ka kankare. Batir mai lafiya mota a kashe wajen bolt 12.6 yake nunawa, in an tada kuma kusan 14, in mita ta nuna haka a batir amma a fishin moter ta nuna 10 waifa na aiki, to wutar na zubewa a hanya, sai a bi waya da fishi da komodo. Mai waifar da ke gudu in ya taka totur ta yi sanyi in ya saki, shi ya duba altanato da batir tukuna.

Zancen fizibil kuwa nan ne raina ke ɓaci. Na waifa yawanci amfiya 20 ne ko 25 ko 30, an rubuta a bayanshi an rubuta a murfin akwatin. Moter mai lafiya ɗan kaɗan yake ja, amma in an danne shi ya kasa juyawa sai shi ja ninkin ba ninkin, fizibil shi ƙone don shi ceci moter da wayoyi, aikinshi kenan, mai gadi ne ya yi kururuwa. Mu kuma sai mu toshe ma mai gadi baki da waya ko takardar kwalin sigari mu ce mun yi dabara. In fizibil ya ƙone sau guda ka sa irinshi daidai, in ya sake ƙonewa ka daina sa wa ka nemi dalili. Wayoyin nan cikin dami guda suke tafiya ƙarƙashin tablo, in guda ta narke sai ta kama maƙwabtanta, gyaran jika guda shi koma na jika hamsin in ma motar ba ta kama wuta ba.

Wurin maidawa akwai kuskuren da ko manya na yi. Ka haɗa komi ka sa fishi amma kada ka ɗaura hannuwa tukuna, ka kunna ka kashe da komodo moter shi koma makwancinshi da kanshi, sannan ka aza hannuwa daidai salatif ɗin nan ka ɗaure. In ka ɗaura su da ka, kunnawar farko sai hannu shi nutsa cikin kapo ko shi haye ƙarfen gefe. Kuma duk sadda ka cire roba ka bar hannun tsaye tsirara, ka shimfiɗa tawul ko kwali bisa gilashi, sifirin ɗin da ke cikin hannun nan na da ƙarfi, iska kaɗan ta kaɗo shi sai ka ji tas, parbiriz, gilashin gaba kenan, ya tsage, kuma kowa ya san kuɗinshi yanzu.

Robar kanta a ranarmu ba ta wuce shekara, a canza ta farkon damana a huta, in tana tsalle tana kuka bisa gilashi ta bushe ne. Tankin ruwan gilashi kuma da yawanmu tun da munka sayi mota ba mu taɓa buɗe shi ba, a zuba ruwa mai tsabta ba na rijiya mai yashi ba, kada a zuba garin sabulu shina toshe ƴan ramukan feshi, in sun toshe allura ce maganinsu. Da safe a kaɗe ƙura da tsumma kafin a kunna. Masu faka mota ƙarƙashin dogon yaro su leƙa ƙarƙashin baƙar robar nan, ganye da yashi na toshe ramukan da ruwa ke bi shi zube, in sun toshe ruwa shi taru moter shi yi wanka a ciki. Sannan abin da ya fi komi arha, ko da rani ne duk Juma'a in ka wanke mota za ka masallaci, ka fesa ruwa ka bar waifa ta yi minti guda, giris shi zagaya, aks kada shi manta aikinshi.

Ɗana da ke jami'a a nan Tawa shi ke ce min wai wata mata ce a Amurka, Mary Anderson, ta yi rajistar wanga abu a 1903, kuma nata da hannu ake juya shi daga cikin mota. Na ce to ashe ni da karen motata ran Badagishiri baya munka koma da shekara ɗari, kuma ko nata ya fi namu don nata shina motsi.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku da ake jin maganarku, cikin watan biyar kafin hadari shi fara haɗuwa ku riƙa tuna ma mutane, ko layi biyu ne a gefen shafi. Shugabannin tasha da na sandikan direbobi su ma ina roƙonsu da girman Allah, yadda ake duba taya da birki kafin mota ta yi lodi, a riƙa watsa ruwa kofi guda bisa gilashi a ce direba kunna mu gani, motar da waifarta ke jan ƙafa ta jira a gyara, kujera goma sha takwas ba abin wasa ba ce. Fasinja ma na da bakin magana, in hadari ya haɗu ka tambaya kafin ka biya. Wanda kuma ke nan Tawa shina son a gwada mishi, kowane mai gyaran wutar mota na iya ɓalle mishi tirangil shi taɓa aks da hannunshi, kawai shi ce a yi hakan a gabanshi kafin a aike shi kasuwa, kuma shi taho da giris ɗinshi don na garaji kullum an ce ya ƙare.

A gaida mutanen ofis duka. Allah shi ba mu damana mai albarka, shi kai kowa gida lafiya.

Naku,
wani tsohon direban Hiace, Tawa